Kifin da Ba Ka Gayyata Ba: Janye Ruwa, Magani, Taru ko Mafarauci?

Mai tafki yakan gane matsalar ne a makare. Abincin da yake zubawa yana ƙarewa tun kafin ya juya baya, yana murna kifi na ci, amma ranar da aka ja taru sai a ga abin da ya cika ragar ƙananan karfasa ne, kowace ba ta wuce tsawon yatsa biyu ba, manyan idanu, jiki a tsotse. Kifin da aka zuba da niyya kuwa yana nan, sai dai bai kai rabin girman da ake tsammani ba. A wani tafkin kuma akasin haka ne: an zuba 'ya'yan kifi dubu, bayan wata biyu babu ɗari uku, saboda wata ƙatuwar tarwada da ta rage tun kiwon bara tana kwance a ƙasa tana haɗiye su ɗai-ɗai.

Hanyoyin da ake bi huɗu ne, amma kafin a kwatanta su akwai tambaya biyu da ke yanke rabin shawarar. Ta farko, so kake ka kawar da kifin nan gaba ɗaya, ko rage shi kawai kake so ya daina cutar da kai? Ta biyu, tafkin naka zai iya bushewa ƙarƙaf in an janye ruwansa? Janye ruwa da magani su ne na kawarwa. Taru da mafarauci, wato kifi mai cin wasu kifaye, na ragewa ne, kuma duk wanda ya ɗauke su a matsayin maganin ƙarshe zai sha wahalar banza.

Dalilin yana cikin yadda waɗannan kifaye ke hayayyafa. Karfasa takan balaga a tafki cikin wata biyar zuwa shida, in kuma wuri ya yi cunkoso sai ta fara ƙwai tun tana 'yar mitsitsiya. Macen tana riƙe ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, don haka ba su cika salwanta ba, kuma bayan 'yan makonni ta sake yin wasu. Kifin kaf, wanda asalinsa daga Turai da Asiya ne, mace ɗaya babba tana zubar da ƙwai dubu ɗaruruwa a kaka guda, ga shi yana tonon ƙasan tafki yana dama ruwa har ya koma kalar laka. Ɗan ƙaramin kifin nan mai cin tsutsar sauro, gambusiya, wanda aka yaɗa daga Amurka zuwa ƙasashe da dama a ƙarni na 20 don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, shi haihuwa ma yake yi kai tsaye, mace ɗaya mai ciki ta isa ta kafa zuriya. Da irin waɗannan, kawar da kashi 95 cikin 100 ba nasara ba ce. Waɗanda suka rage sun samu fili da abinci, za su cike gurbin cikin 'yan watanni.

Janye ruwa a busar

In tafkinka yana da bututun fitar da ruwa a ƙasa, ko kuma ƙarami ne da injin ban ruwa zai iya ƙwafe shi, wannan ce hanyar da ta fi kowace, kuma ba na jin akwai ja a nan. Kana ganin abin da kake yi da idonka. Kifin da kake so za ka kwashe shi da rai ka ajiye a wani wuri, wanda ba ka so ma bai zama asara ba tunda babu guba a jikinsa. Ga ƙarin riba: rana tana kashe ƙwayoyin cuta da ƙwarin da ke manne wa kifi, taɓon da ya taru yana shan iska ya daina wari, kuma za ka samu damar gyara jinga da toshe ramuka.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne gaggawa. Ruwa ya janye, an tsince kifi, ƙasa ta yi kamar ta bushe, sai a sake cikawa bayan kwana uku. Ka duba sawun ƙafar da masu kamun suka bari a cikin taɓo: kowane sawu ɗan kududdufi ne, kuma in ka sunkuya za ka ga 'ya'yan karfasa goma ko ashirin suna motsi a cikin ruwan da bai cika kofi ba. Su ne za su gaje tafkin. Ana barin ƙasa har ta tsattsage, abin da yakan ɗauki mako biyu zuwa uku in rana na da ƙarfi. Duk inda ya ƙi bushewa kuma sai a bi shi da farar ƙasa.

A nan akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Farar ƙasar noma, wato niƙaƙƙen dutse da ake gyara tsamin ƙasa da shi, ba ta kashe kifi, domin ba ta ɗaga ma'aunin pH, wanda ke sauka in ruwa ya yi tsami ya kuma hau in ya yi kanwa-kanwa, ya wuce takwas da ɗan abu. Wadda ke aikin ita ce ƙonanniyar, mai tafasa tana hayaƙi in ruwa ya taɓa ta, ko 'yar'uwarta da aka riga aka jiƙa ta zama gari. Ita ce ke kai pH sama da 11, inda babu kifin da zai rayu. Ana zuba kimanin giram 100 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, a kan ƙasa mai danshi, domin a busasshiyar ƙasa ba ta yin komai. Tafki mai tsawon mita 20 da faɗin mita 15 zai ci kilo 30 zuwa 60 ke nan. Tana ƙona fata da ido, saboda haka safar hannu da tabarau da rufe hanci dole ne, kuma mai watsawa ya ba iska baya. Ƙarfinta yana sauka da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, amma a auna ruwan a ga pH ya dawo ƙasa da 9 kafin a zuba sabon kifi.

Kifaye biyu ne ke raina wannan hanya. Tarwada tana shaƙar iska kai tsaye, don haka takan nutse cikin jiƙaƙƙen taɓo ta yi kwanaki tana jira, in dare ya yi kuma ƙasa na da raɓa tana iya jan ciki ta koma wani ruwan. Gaiwa ta fi ta. Ita rami take yi, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta watanni tana cin jikinta har ruwa ya dawo. Busarwa a wurinta rani ne kawai irin wanda ta saba. In ka san akwai ta, ko dai a kafce ƙasan tafkin bayan ya bushe, ko a yaudare ta: a sako ruwa kaɗan iya idon sawu, a ba ta kwana biyu ta fito, a kama, a sake janyewa.

Sauran aibin hanyar a fili yake. Tafki zai zauna wata guda ba ya samar da komai, dole kana da ruwan da za ka sake cikawa, kuma tafkin da ke da idon ruwa a ƙasa ba zai taɓa bushewa ba ko injin ya kwana yana aiki. Wasu tafkunan yumɓu kuma in suka tsage da yawa sukan fara yoyo bayan an cika, sai an sake daddaɓe ƙasan.

Magani

Wanda tafkinsa ba ya janyuwa shi ne ke da hujjar tunanin magani. Wanda aka fi sani a duniya shi ne rotinon, sinadarin da ake samu daga saiwar wasu tsirrai dangin wake, irin su deris na Asiya, kuma majimfa ma danginsa ne ke cikinta. Yana shiga ta kunnuwan numfashin kifi ya wuce jini, ya hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin. Shi ya sa cikin rabin awa za ka ga kifi ya taso sama yana haki yana juyawa, alhali ruwan cike yake da iska. Tsuntsu ko dabbar da ta sha ruwan a wannan ƙarfi ba ta cika cutuwa ba, tunda ta ciki ba ya shiga jini kamar yadda yake shiga ta kunnen kifi.

Na kasuwa yawanci ruwa ne ko gari mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, kuma aikin gaba ɗaya lissafi ne. Tafkin nan mai mita 20 da 15, in matsakaicin zurfinsa mita 1.2 ne, yana ɗauke da ruwa mita kubik 360. In takardar maganin ta ce mililita 2 a kowace mita kubik, mililita 720 ke nan. Ka rage ruwan ya koma santimita 40, abin da ake buƙata ya sauka zuwa mililita 240, kuma maganin zai fi gaurayuwa. Saboda haka ko ba za ka iya busarwa ba, rage abin da za ka iya ragewa. A lura, matsakaicin zurfi ake nufi, wanda aka auna a wurare da dama. Wanda ya yi lissafi da ƙiyasin ido yakan sa ƙasa da ƙima, kifaye masu rauni su mutu, masu taurin kai su farfaɗo.

Masu taurin kan kuwa su ne sau da yawa ake son kawarwa. Kaf yana jure abin da zai kashe wasu, tarwada da duk kifi mai shaƙar iska ma haka. Ruwa mai laka da ciyawa yana tsotse maganin kafin ya isa inda ake so. Ruwa mai yawan pH yana lalata shi da wuri, don haka kada a haɗa shi da farar ƙasa a lokaci guda da sunan ƙarin ƙarfi, ɓata juna za su yi. Idon ruwan da ya hana ka busarwa kuma shi ne zai zama mafakar kifi, domin a bakinsa ruwa sabo ne. Sannan ƙwai sun fi kifi jurewa nesa ba kusa ba. Da karfasa abin da sauƙi tunda ƙwan yana bakin uwa. Da kaf, wanda ke manna ƙwansa a jikin ciyawa, sai a sake zagaye na biyu bayan mako biyu, lokacin da ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Ko hukumomi masu kuɗi da ƙwararru abin yakan ƙi musu. A tafkin Davis da ke jihar Kalifoniya an zuba rotinon a 1997 don kawar da wani kifi mafarauci da aka shigo da shi ba bisa ƙa'ida ba. A 1999 aka sake ganinsa, sai da aka maimaita aikin a 2007. Ƙaramin tafki ya fi sauƙi ƙwarai, amma wannan ya nuna cewa magani ba tabbas ba ne.

Abin da ya fi damuna da shi shi ne ruwan da ke fita. In tafkinka yana malala zuwa rafi ko tafkin maƙwabci, ko ana cikin damina ambaliya na iya zuwa, to ka cire maganar magani daga ranka. Ana iya kashe ƙarfin maganin da wani sinadari mai suna fotasiyam famanganet, amma wannan aikin ƙwararru ne. A ruwa mai ɗumi da rana yana lalacewa cikin kwanaki, a ruwan sanyi yana iya kai makonni. Yana kashe talibambam da ƙwarin ruwa da ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci, ko da yake waɗannan suna dawowa. Mushen kifin a kwashe a binne, kada mutum ya ci, kada a bar shi ya ruɓe a ruwa. Mai zubawa shi ne ya fi kowa shiga haɗari, musamman da garin da ke tashi a iska: tun a 2000 wani bincike a kan ɓeraye ya nuna rotinon na haifar da alamun cutar karkarwa ta Fakinsan, abin da ya sa aka ƙara tsananta ƙa'idar kariya. A Amurka sai mai lasisi ke iya saye da zubawa, ƙasashe da yawa kuma suna buƙatar izinin hukuma ko da tafkin naka ne. Kafin a mayar da kifi, a sa 'yan kaɗan a keji a cikin ruwan na kwana biyu. In sun rayu, an gama.

Akwai magungunan tsirrai masu sauƙin hali. A Asiya masu kiwon jatan lande suna amfani da tunkuzar irin shayi, a Indiya kuma tunkuzar irin wata bishiya mai suna mahuwa. Sinadarin safonin da ke cikinsu yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kifi, ya lalace cikin kwanaki ko 'yan makonni, ragowar ta zama taki. Matsalarsu, tare da ɗanyar majimfa, ita ce ƙarfinsu ba ɗaya ba ne daga buhu zuwa buhu, wata majimfar ma kusan babu sinadarin a cikinta. Sai an gwada a bokiti da kifi biyu ko uku tukuna. Hodar kilorin ma tana aiki, ta fi dacewa da kandamin siminti ko 'yan kududdufan da suka rage bayan an janye ruwa, domin taɓo yana cinye ƙarfinta.

Maganin ƙwarin gona kuwa, irin su lindan da endosalfan, ba ya cikin zaɓi. Yana kashe kifi, gaskiya ne, amma yana zama a laka, ya shiga kitsen kifin da za a kiwata daga baya, ya ƙare a cikin wanda ya ci. An sa lindan cikin jerin Yarjejeniyar Istokhom, wadda ke hana amfani da sinadarai masu guba da ke daɗewa ba su lalace ba, a 2009, endosalfan a 2011.

Taru da tarko

Taru aski ne, gashi zai dawo. Karfasa gwana ce wajen kuɓuce masa: tana kwantawa a gefe cikin ramin sheƙarta igiyar ƙasa ta wuce ta kanta, ko ta yi tsalle ta haye ta sama. Ja na farko ne ke kamawa sosai, na biyu da na uku kifi ya riga ya waye. In ƙasan tafkin yana da kututture ko duwatsu, abin ya ƙara lalacewa.

Duk da haka kada a raina shi. Mutumin da tafkinsa ke cike da manyan kifin da yake so, ba zai iya busarwa ba kuma ba zai sa guba ba, taru mai ƙananan idanu da ake ja a gefe-gefe duk mako biyu ko uku yana rage 'ya'yan sosai, musamman in an saba musu da cin abinci a kusurwa ɗaya aka kewaye su a nan. Gura da sauran tarkuna suna aiki dare da rana ba tare da an dama ruwa ba, wanda aka kama bisa kuskure kuma a mayar da shi. In kuwa matsalar manyan mafarauta ne ƙalilan, tarwada biyar ko shida da suka rage, ƙugiya da ƙaramin kifi da daddare ta wadatar, babu dalilin tayar da tafki gaba ɗaya. Sharaɗin dai shi ne ba a dainawa.

A sako mai cin su

Wannan ita ce hanyar da ta fi burge mutane, domin tana mayar da matsala ta zama nama: 'ya'yan karfasar da ba su da amfani su zama abincin kifi mai daraja. A Amurka tun shekarun 1930 Homer Swingle na jami'ar Auburn ya gina tsarin kiwon ƙananan tafkuna a kan haka, mafarauci ɗaya ga kimanin goma na kifin da ake farauta. A tafkunan karfasa an gwada tarwada da tufi da giwan ruwa. Gwaje-gwajen da aka yi a Kwango Barazabil sun nuna tufi ya fi tarwada nesa, sai an zuba tarwada kusan ninki goma kafin ta yi aikin da tufi ke yi. Dalili kuwa tarwada malalaciyar mafarauciya ce. In tana samun abincin da ake watsawa, ba za ta wahalar da kanta da bin 'ya'yan kifi ba.

Girma da lokaci su ne komai a nan. Mafarauci yana cin abin da ya shiga bakinsa ne kawai. In ka sako shi ƙarami cikin tafkin da ya riga ya cika da tsumburarrun karfasa masu tsawon yatsa, sun fi ƙarfinsa, za su ci gaba da hayayyafa. In ka sako shi babba tare da sababbin 'ya'yan kifinka, su zai fara cinyewa. Daidai shi ne ya shigo lokacin da kifin da kake so ya wuce bakinsa, kafin kuma hayayyafa ta kankama. Saboda haka ya fi amfani a tafkin da aka riga aka tsabtace, ko bayan an rage jama'a da taru.

Kuma ya zama kifin da dama akwai shi a ruwayen yankinka. An sa giwan ruwa a tafkin Biktoriya da ke Gabashin Afirka a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye, nau'o'in ƙananan kifaye kimanin 200 da babu su ko'ina a duniya suka ɓace. Ambaliya ɗaya ta isa ta kai abin da ke tafkinka cikin kogi.

To wanne?

In za ka iya busarwa, busar, ka bi da farar ƙasa, ko da hakan na nufin jiran rani. In ba za ka iya ba, tafkin a rufe yake ba ya malala, doka ta yarda, kuma kifin banzan ya riga ya rinjayi na kirki, a rage ruwa a sa magani, zai fi kyau da hannun wanda ya taɓa yi. In kifin kirkin ne ke da rinjaye, ka haƙura da batun kawarwa, ka haɗa taru da mafarauci har lokacin kwashewa ya zo, sannan ka busar. Tafkin da rafi ke ratsawa kuwa ragewa kaɗai ce ta rage masa, domin duk abin da ka kashe yau wani zai shigo gobe.

Wannan batu na shigowa ya shafi kowa, har wanda ya busar. Mafi yawan kifin da ba a gayyata ba ta ƙofa uku yake zuwa. Akwai ruwan da ake cika tafki da shi daga kogi ko magudana, wanda ke ɗauke da ƙwai da 'ya'yan da ido ba ya gani sosai, maganinsa doguwar jakar raga mai idanu ƙasa da milimita ɗaya a ɗaure a bakin bututu, ana wanke ta kullum. Akwai ambaliya, wadda ke buƙatar jinga mai tsayi da magudanar da ke karkatar da ruwan sama, da ɗan shingen raga a kewaye saboda tarwada mai tafiya a ƙasa. Sai kuma hannun mutum: 'ya'yan kifin da aka sayo a gauraye, ragar aro da ba a shanya ba, yaro da ya kamo kifi a rafi ya jefa don tausayi. Ko karfasar da ake sayarwa a matsayin maza zalla ba ta cika zama ɗari bisa ɗari ba, mata biyu ko uku cikin ɗari sun isa su fara. Tsuntsaye da ake yawan ɗora wa laifi suna da ɗan kaso: wani gwaji a Hangari a 2020 ya nuna kimanin kashi 0.2 cikin 100 na ƙwan kifi dangin kaf da agwagwa ta haɗiye ya fito da rai. Amma kafin ka zargi agwagwa, je ka duba bakin bututunka.